Littafi Mai Warin Albasa

Alhaji Ɗanasabe bai ko buɗe littafin ba, hanci ya fara kai masa.

Ya shinshina gaba, ya juya ya shinshina baya, sannan ya ɗago ya dubi Shafa'atu ta saman tabarau.

"Ɗiyata, tsakani da Allah... wanga littahi kika kawo mani ko kayan miya?"

'Yan matan da ke tsaye a rumfarsa ta sayar da littattafai a kasuwar Jega suka tuntsire da dariya. Wadda ta fi kowa buɗe baki ita ce Raihanatu, 'yar ƙanwar mahaifiyar Waliyyu, saurayin Shafa'atu. Duk unguwarsu an san ta daɗe tana yi wa Waliyyu kwalliyar da bai taɓa ɗaga ido ya gani ba.

"Wayyo cikina! Marubuciyar Aliero ke nan! Alhaji, a kasa mani kashi biyu, yau ba mu da albasa gida!"

Kunnuwan Shafa'atu suka ɗauki zafi. Ta fizgo littafin ta kai shi hancinta, ta ja numfashi mai ƙarfi.

Innalillahi...

Yana nan kuwa. Ba warin albasar da aka yanka yau ba, na wadda ta daɗe a jibge. Ita da aka haifa a gidan manomin albasa, hancinta ya daina jin wannan wari tun tana goye, shi ya sa ta ɗauko kwali guda tun daga Aliero tana ta murmushi a mota.

"Alhaji, ka duba ko shahi guda. Ai ba warin za a karanta ba."

"Ba ni iya aza shi cikin kayana, sai shi ɓata sauran. Matan Jega ƙarƙashin matashi suke aje littahi, ɗiyata. Ki maida shi can wurinku, ku da kunka saba."

Shekara biyu tana rubuta littafin nan, Fadamar Amatullah, a waya, bayan ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa, har babban yatsanta ya yi kanta. Kwafi ɗari biyu aka buga mata. Yau ne karo na farko da ta miƙa shi ga wani, kuma wannan ce amsar.

Hawaye ya taso mata, ta ce masa ya koma. Ba a gaban Raihanatu ba!

Ta jera littattafanta a kwali ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta aza a ka.

"Na gode, Alhaji. Allah shi ba da kasuwa."

Waliyyu na jingine da kantarsa a bakin tasha, motar da yake jigilar albasa da 'yan kasuwa tsakanin Aliero, Jega da Maiyama. Da ya hango ta ya washe baki, ya taho zai sauke mata kwalin.

"Hasken idona, nawa yak karɓa?"

"Ina ka aje mani littattahaina?"

"Na'am?"

"Waliyyu! Sati uku suna hannunka. Ina ka aje su?"

Ya sosa ƙeya. Shi ne ya ɗauko su daga wurin mai bugu, kuma da Malam Audu, mahaifinta, ya ce ba za a shigo masa gida da abin da bai san cikinsa ba, shi ne ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da wuri.

"Cikin rudun abokina na sa su, nan bayan gari."

Rudu! Rumfar kara da ake jibge albasa a kanta ta yi watanni.

"Ai babu wurin da yah hi shi, Shafa. Iska na shiga ta ƙasa, ruwa ba shi taɓawa, gara ba ta hawa. Wurin da albasa ke wata biyar ba ta ruɓa ba, mi zai sami takarda? Har buhu na rufa musu..."

"Buhun mi?"

Sai yanzu abin ya fara iso masa.

Da wani ne ya yi mata haka, da ta wanke shi tas. Amma ga shi tsaye, ƙato har da gemu, ido ya raina fata, yana kallonta kamar wanda ya fasa tulun amarya. Ta rasa ta yi kuka ko ta yi dariya, sai ta yi duka biyun.

"Ka kashe ni, Waliyyu..."

"Ki yahe mani, rabin raina. Wallahi gata na so in yi musu."

Wannan ta yafe tun kafin su wuce gadar Jega. Wanda ya biyo baya ne ya ƙi yafuwa.

Ashe Raihanatu ba dariya kaɗai ta tsaya yi a rumfar ba. Lokacin da ake cacar baki ta buɗe kwafi ɗaya ta ɗauki hoton shafi na sittin da huɗu, inda Amatullah, matar da mijinta ya mutu, ta dubi wani namiji ta ce masa da bakinta tana son sa. Kafin kwana biyu hoton ya zaga wayoyin Jega, har aka karanta wa Inna Tabawa, mahaifiyar Waliyyu.

Ranar Laraba da la'asar ya zo zance. Tun daga sallamarsa ta san da magana, don bai kira ta da ko ɗaya daga cikin sunayen da ya saba ba.

"Inna ta ce ba ta hana ni ke ba."

"Amma?"

"Amma ba ta haɗa zuri'a da wadda sunanta ke yawo kasuwa bisa irin wanga zance. Ta ce a goge sunan. A liƙa takarda bisa bangon, ki sa wani suna, kamar yadda wasu ke yi. In anka yi haka, baffannina su zo."

"Kai kuma mi kac ce?"

"Shafa... suna na kawai. Littahin na nan, ke kina nan, ni ina nan."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Shafa'atu Audu Aliero. Ranar da ta fara ganin sunan nan a bango, sai da ta shiga ɗaki ta yi sujada.

"Wanda yay yi sata shi ke ɓoye suna. Ni mi na sata?"

"Ba wanda yac ce kin yi sata."

"To ba ni gogewa."

"Ko don ni?"

Nan ne ya soke ta. Tana son mutumin nan, son da ko abinci take ci ta tuna shi sai ta ji ta ƙoshi.

"Yau in na goge sunana don in shiga gidanku, gobe mi za a ce in goge? Ka karanta littahin kuwa, Waliyyu?"

Bai karanta ba. Ya dai yi dakonsa.

"To je ka. Ka ce wa Inna ina gaishe ta da kyau, kuma sunan ubana na nan inda yake."

Ta shige gida kafin ya ga fuskarta. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba, kuma duk ƙarar mota da ta ji a waje sai gabanta ya faɗi. Bai zo ba, bai kira ba. Ita ma ta kafe.

Ta gwada duk abin da ake ce wa sabon marubuci ya yi. Ta sa hoton bangon a zaurukan marubuta na waya, aka yi ta turo mata fatan alheri, ba wanda ya ce a aiko masa. Ta shanya littattafan a rana, ta yi musu turaren wuta. Sai suka koma warin albasar da ta je biki.

Ran Asabar ta ɗauki guda biyar ta tafi Sabiyal wurin goggonta Gudiya, don kawai ta huta da kallon da ake yi mata a Aliero. Ta tarar da tsakar gidan cike. Lokacin cire albasa ne, mata kusan ashirin sun kewaye tsibi, suna yanke ganye suna ware ruɓaɓɓu, hira ta ƙare musu tun hantsi sai hamma.

Goggo Gudiya ta karɓi littafi ɗaya ta jujjuya. Ba ta iya boko ba.

"Wanga na anka ce shina wari?" Ta shinshina. "Ni ban ji komi ba. Ke Hajo, kin ji wani abu?"

"Ƙamshin takarda dai."

Shafa'atu ta yi tsaye cak.

Ta dubi hannayensu, ta dubi tsibin albasar. Duk kwanakin nan tana bin mutanen da ke toshe hanci, ga waɗanda ta rubuta labarin a kansu zaune ba ta taɓa tunanin su ba, don kawai ba sa karatu.

"Goggo... in karanta muku?"

"Da mi kike jira? Bakinmu ya gaji, kunnuwanmu ba su yi aikin komi ba."

Ta zauna a kan turmi ta fara. A shafi na biyar wuƙaƙe suka rage sauri. Da ta kai inda 'yan'uwan mijin Amatullah suka zo raba ta da fadamar albasarta tun ba ta fita takaba ba, wata tsohuwa ta dangwarar da wuƙa.

"La'ilaha! Kar ta ba su! Ke ɗiyar Audu, ce mata kar ta ba su!"

Da ta kai shafi na sittin da huɗu kuwa, wanda ya tayar da ƙura a Jega, sai guɗa ta tashi.

"Awo! Ta hwaɗi! In ba ta hwaɗa ba wa zai hwaɗa mata, tana da uba ko wa?"

Daidai inda aka kai ƙara gaban hakimi Shafa'atu ta rufe littafin.

"Sai wani satin."

Kamar su cinye ta ɗanya. Nan take biyar ɗin suka ƙare, kowa ta ce tana da 'ya ko jika 'yar makaranta da za ta ƙarasa mata. Wadda ba ta da abin saye a hannu ta cika kwando da albasa ta dire mata a gaba. Da Malam Audu ya ga an sauke kwanduna a ƙofar gidansa, ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya ga zaɓaɓɓiya ce, sai ya yi gyaran murya.

"Mace ba ta ba da irin wagga don shirme. Ki shigo da kayanki gida, kuma bayan azahar ki zo ki karanta mani in ji."

Daga nan ta san hanyarta. Duk Asabar da Lahadi tana wani tsakar gida, yau Jiga Birni, gobe Dangamaji. Ta fara ɗaukar karatun a waya, babi babi, mata na tura wa juna. Kowane babi da magana ɗaya take buɗe shi, da ƙarfi, ba inda-inda:

"Ni ce Shafa'atu Audu Aliero, kuma ni na rubuta wannan."

Babi goma sha biyu ta ɗauka. Ukun ƙarshe ta bar su a cikin takarda, mai son jin ƙarshe ya nemi littafi.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne Maiyama. Ba ta taɓa kai karatu can ba, amma kira ya yi ta shigowa daga can, wannan na son uku, waccan na son biyar. Ta shirya ta tafi da kwali ranar kasuwa.

Tana sauka ta ji muryarta.

Muryarta ce, tana tashi daga lasifikar da aka ɗaure da igiya a bayan wata kanta, mata 'yan kasuwa sun cika motar har sama, an iso amma ba wadda ta sauka. Direban na zaune a kan taya, littafi a hannunsa, yana bin layi da yatsa.

Ya rame. Ita ma ya ga ta rame.

"Waliyyu..."

Ya miƙe da sauri har littafin ya faɗi.

"Na karanta, Shafa. Sau biyu. Wata guda ke nan duk wadda ta hau motata sai ta ji shi, ko tana so ko ba ta so."

"Shi ya sa ba ka kira ba?"

"Da wane baki? Na ce maki suna na kawai." Ya sunkuya ya ɗauki littafin. "Kullum sai na ji ki kina hwaɗin sunanki cikin motata, sau goma, sau ashirin. Wallahi duk lokacin sai in ji kunya ta rufe ni. Kar ki goge, sanyin raina. Ko harahi guda."

"Inna fa?"

"Inna uwata ta, ba ni saɓa mata. Amma na ce mata in ba ke ba, sai dai in tsufa cikin mota."

Ta juya masa baya don kar matan saman mota su ga tana share ido. Sun gani sarai, har wata ta rangaɗa guɗa.

Labarin bai yi wa Raihanatu daɗi ba. Ganin shafi ɗaya bai kashe maganar ba, sai ta tattara babi goma sha biyun a wayarta ta kai wa Inna Tabawa, ta ce ta saurara da kunnenta ta ji irin rashin kunyar da ɗanta ke yawo da ita gari gari. Inna ta ce a kunna. Ta zauna da carbi a hannu tana jiran wurin da za ta kama.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, kantar Waliyyu ta tsaya a ƙofar gidan Malam Audu. Inna Tabawa ta sauko ba ta jira an kama ta ba, ta yi sallama a taƙaice, ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa.

"Ina ɗiyar?"

Shafa'atu ta fito ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Riƙe gaisuwarki. Tambaya guda ta kawo ni, kuma ki ji tsoron Allah. Wa yab ba ki labarina?"

"Na'am, Inna?"

"Kar ki yi mani na'am! Fadamar, da takabar, da ƙannen miji da sunka zo da igiyar awo tun ba a yi bakwai ba! Wancan marar sirrin na yah hwaɗa maki, ko?" Ta nuna Waliyyu, wanda ya maƙale a bakin zaure. "Shekara ashirin da shida ban buɗe baki da kowa ba, shina goye lokacin, sai in ji shi cikin waya?"

"Wallahi Inna ban san komi ba," in ji Waliyyu. "Yau na hwara ji."



Shafa'atu ta ɗago kai a hankali. Ba ta taɓa haɗa ido da matar nan ba sai yau.

"Inna, ba wanda yab ba ni labarinki. Ke ce ta biyar da tay yi mani wagga tambaya. Biyu a Sabiyal, guda a Dangamaji, guda a Maiyama. Kowace ta rantse da ita nike."

Inna Tabawa ta dubi tabarmar da ta ƙi ɗazu, ta zauna a kai da nauyi. Ta ja gefen mayafi ta goge fuska, ta ce albasar gidan nan ce ke shigar mata ido, alhali ba wanda ke yanka albasa.

"Biyar..." ta ce. "Ni na ɗauka ni kaɗai ta."

Can ta gyara zama, ta dawo da fuskar da ta zo da ita.

"To, ita ta samu fadamar ko ba ta samu ba? Abin ya tsaya gaban hakimi, Raihanatu ta ce nan yaƙ ƙare. Na kore ta da wayarta."

"Ƙarshen na cikin littahi, Inna."

"To hwaɗa mani."

"Ban hwaɗa wa kowa ba, ko Baba sai da yaz zauna na karanta mashi."

"Ji mani ɗiya da taurin kai!" Inna ta tafa hannu. "Ni ban iya boko ba, kuma ba ni zama wancan shi karanta mani, shina yi shina tsayawa kamar motarshi. Kai Waliyyu!"

"Na'am, Inna."

"Ka biya wurin baffanninka, su shirya ran Juma'a. Ina son mai karanta mani cikin gidana."

Waliyyu ya dafe bango. Da ba don idon surukai ba, da ya yi tsalle.

Duk wata mai hankali a nan za ta sunkuyar da kai ta yi godiya. Shafa'atu dai Shafa'atu ce.

"Inna... sunan fa?"

"Wane suna?"

"Na bisa bango. Ba ni gogewa. Kuma gara in hwaɗa tun yanzu, na hwara rubuta na biyu."

Mahaifiyarta ta dafe ƙirji daga bakin madafa. Waliyyu ya rufe ido.

Inna Tabawa ta daɗe tana kallon ta, tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Ni da na yi shiru, an bar mani fadamar?" ta ce a hankali. "Bar sunanki inda yake. Amma na biyun, kar ki kuskura ki kai shi bugu ba ki zo wurina ba, don kin yi ƙarya wuri guda."

"Ina, Inna?"

"Ƙannen mijin nan naki sun cika ladabi. Har da sallama sunka yi! Ɗauko alƙalaminki ki zauna nan kusa da ni, in hwaɗa maki yadda suke shigowa."